Yadda na koyi IRM mai duba aikin ƙwaƙwalwa, daga ɗakin haya a Harobanda

Ƙanena ne silar komi. Tun yana ɗan shekara tara farfaɗiya ke kada shi can Tawa, kuma kun san yadda ake yi a gida, an sha rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi wajen mai ruƙiyya, har wata gwaggonmu ta hana ɗiyanta cin tuwo kwano ɗaya da shi wai ana ɗauka ta yawu (ba a ɗauka, don Allah ku gaya ma na gida). To da na samu shiga fannin likita a jami'ar Abdou Moumouni nan Yamai, wajen unguwar Harobanda, ƙwaƙwalwa ce kawai a raina. Shekarar da munka fara sitaj a sashen hoto na fara ganin IRM da idona, wato injin maganaɗisu mai ɗaukar hoton cikin jiki, amma hoton da ake yi na siffa ne, a ga ƙari, a ga inda jini ya toshe ma wanda ɓarin jikinshi ya shanye, shi ke nan. Sai wata rana wani malaminmu ya haska muna wani hoto a bango, ƙwaƙwalwa ce toka-toka da wasu ɗigo ja da rawaya a gefe, ya ce wannan mutum magana yake saurare lokacin da anka ɗauka. Bai daɗe kanshi ba ya wuce gaba. Ni kuwa nan na tsaya, sauran darasin ban san mi anka ce ba.

Bayan an tashi na bi shi har wajen motarshi na ce Malam don Allah wannan abin ina ake koyonshi? Ya dube ni ya yi dariya ya ce kana da kwamfuta? Na ce akwai wata tsohuwa da yayana ya bar mini. Ya ce to ka fara da ita, hotunan mutane suna nan kyauta a intanet, injin shi ne abu na ƙarshe da za ka buƙata. A lokacin na ɗauka korata ya yi da dabara.

Wata biyu na farko karatu ne zalla kuma na sha wuya, don ni fizik tun lise ba mu shiri. Abin da na fahimta a ƙarshe, da Hausar da zan iya gaya ma Inna: injin babban maganaɗisu ne, ana auna ƙarfinshi da tesila, na asibiti galibi 1.5 ne ko 3, kuma 3 ɗin nan ya ninka maganaɗisun duniya wajen sau 60,000. Jikinmu ruwa ne mafi yawa, haidirojin da ke cikin ruwan yana jeruwa idan ya shiga filin, sai a buga mishi igiyar rediyo, wajen megahaz 128 a inji mai tesila 3, ya amsa, amsar ce ake haɗawa ta zama hoto. Wannan shi ne IRM na kowa, wanda Paul Lauterbur da Peter Mansfield sunka samu kyautar Nobel a kanshi a 2003. Na aikin ƙwaƙwalwa kuma dabararshi a jini take. Tun 1936 Linus Pauling da Charles Coryell sunka gano cewa jinin da ya sauke oksijin ɗinshi yana ɗan jan maganaɗisu, wanda ke ɗauke da oksijin kuma ba ya yi. Sai a 1990 wani Bajapane, Seiji Ogawa, yana aiki a Bell Labs a Amurka, ya nuna a kan ɓeraye cewa wannan bambancin yana fitowa a hoto, shi ne ake ce ma BOLD. Zuwa 1992 an yi shi a kan mutane.

Misalin da ya sa abin ya zamna mini, a bakin titi na same shi ina shan shayi. Ka ɗauka kana saman bene kana kallon unguwa, ba ka ganin cikin gidaje, amma kana ganin ƴan ga-ruwa da kurarsu. In ka ga sun yi ta tururuwa ƙofar wani gida ka san ana wani sha'ani a ciki, suna ko biki. Ba ka ga amarya ba, ba ka ji mi ake faɗi ba, ruwa kawai ka gani yana shiga. Kuma ƴan ga-ruwan ba su zuwa nan take, sai an aika, kuma in sun zo suna kawo fiye da abin da ake buƙata. Haka jini yake yi: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su yi aiki yanzu, jini mai oksijin ya kwararo ya kai ƙololuwa bayan daƙiƙa 5 ko 6, ya yi yawa har ya wanke wanda ya sauke nashi, sa'an nan ya koma daidai a hankali, har ya ɗan nutse ƙasa kafin ya daidaita, duka abin ya kan ci daƙiƙa 20 ko fi. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki amma tana cin wajen kashi 20 na oksijin, don haka ga-ruwanta ba su hutawa. Canjin da muke farauta a cikin hoton kuwa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, sau da yawa ma bai kai ba.

Sai maganar kayan aiki. Manhajojin da kowa ke ambata uku ne, SPM ta mutanen Landan su Karl Friston, FSL ta Oxford, da AFNI ta Amurka. Na zaɓi SPM don littafinta na bi da kai mataki-mataki, kuma akwai wadda ake sakawa ba sai ka sayi lasisin manhajar lissafi ta MATLAB ba, wanda kuɗinshi ni ko a mafarki. Saukewa kawai ta ci mini dare uku. Forfe na dare nake saye, in kunna wajen ƙarfe ɗaya, in kwanta a tabarma a tsakar gida don watan Afrilu ne ɗaki ba ya shiguwa, in farka in iske ya tsaya a kashi 80 da wani abu don an ɗauke kuran kuma batirin kwamfutar minti ashirin yake riƙewa. Ita kanta kwamfutar in ta yi zafi kashe kanta take yi, sai na riƙa ɗora ta kan bulo biyu in sa mata bantilater ni in zamna ina zufa. Mai gidan hayarmu ta taɓa leƙowa ta ce ɗan nan wai kai da na'urar wa ke jinyar wani?

Hotunan da na fara da su na gwajin saurare ne da ke zuwa da littafin SPM, kusan duk mai koyo da su yake farawa. Mutum ɗaya ne, ana sa mishi kalmomi a kunne na daƙiƙa 42, a yi shiru na daƙiƙa 42, haka haka. Ana ɗaukar hoton kai gaba ɗaya kowane daƙiƙa 7, hoto 96, a zubar da 12 na farko a yi aiki da 84. Kowane hoto an yanka shi ƙananan ɗigo masu kusurwa, ana ce musu boksel, milimita 3 kowane gefe, kamar ƙwayar dawa, kuma cikin ƙwayar nan guda akwai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa dubu ɗaruruwa. Wannan kaɗai ya isa ya rage ma mutum girman kai.

Kafin ka tambayi hotunan komi sai ka wanke su, kuma wankin nan shi ne rabin aikin ko fi. Farko ka daidaita motsin kai, don ba wanda ke iya kwanciya minti goma bai motsa ba, manhajar na fitar maka da layi shida, uku na gusawa uku na juyawa. Sai ka ɗora hotunan aikin kan hoton siffa mai kyau na mutumin. Sai ka ja ƙwaƙwalwarshi ka lanƙwasa ta har ta dace da wata ƙwaƙwalwar ma'auni da anka yi a Montreal ta Kanada daga kawunan mutum 152, don a iya kwatanta ta kowa da ta kowa, kuma ba na jin akwai Ba'adare ko guda cikin 152 ɗin nan amma haka muke amfani da ita. Ƙarshe ka ɗan dusashe hoton da gangan, milimita 6, abin da ya ɗaure mini kai sosai da farko, a ce ka sha wahalar samun hoto sa'an nan ka ɓata shi da hannunka, ashe don a rage hayaniya ne kuma lissafin da ke biye yana son haka.

Nan ne na yi abin kunyar da har gobe abokaina ke tsokanata da shi. Wajen gaya ma manhajar lokutan da anka sa kalmomi akwai wani ɗan zaɓi, lissafin da daƙiƙa ne ko da lambar hoto. Littafin ya ce da lambar hoto, 6, 18, 30 har ƙarshe. Ni da barci a idona na zaɓi daƙiƙa. Ma'ana na gaya mata duk sauraren ya faru cikin daƙiƙa 84 na farko, alhali gwajin ya kusa minti goma. Na danna, na jira, ƙwaƙwalwa ta fito fayau ba ɗigo ko ɗaya. Maimakon in koma baya in duba, sai na sassauta ma'aunin, na cire gyaran da ake yi na yawan gwaji, na ƙara sassautawa, sai ga ja da rawaya sun fara ɓullowa nan da can kamar ƙurajen zafi. Wallahi daɗin da na ji a daren nan. Na ɗauka da salula na kai fada washegari ina nuna ma mutane, ku ga ƙwaƙwalwar Bature tana sauraren magana, har mai shayi ya bar butarshi ya zo kallo.

Da na kai ma Malam, ya ɗauki salular ya ƙura ido, ya ce Dokta, don haka yake kiranmu in zai yi muna tsiya, ina ne wurin ji a ƙwaƙwalwa? Na ce gefe da gefe Malam, saman ɓangaren da ke daidai kunne. Ya ce madalla, to wannan ɗigon naka mafi girma ina yake? Na duba. Cikin ramin ruwan ƙwaƙwalwa yake, tsakiyar kai, inda ba ƙwayar tunani ko ɗaya sai ruwa. Ya ce to ka gano ruwa yana jin Turanci. Shi ya ba ni labarin mataccen kifi: a 2009 wani mai bincike Craig Bennett da abokanshi sunka bayyana yadda sunka sa mataccen kifin salmon cikin inji, sunka nuna mishi hotunan mutane, sunka yi lissafi ba tare da gyaran nan ba, sai ga ɗigo ya haska a kan kifin. Da gangan sunka yi don su ja kunnen masu irin halina, har anka ba su kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2012. Lissafin mai sauƙi ne in ka tsaya: in ka yi gwaji a boksel 100,000 kuma ka yarda da kuskure 5 cikin 100, to 5,000 za su haska ko ba komi a wurin. Na koma gida na iske kuskurena cikin minti biyat, na gyara, na mayar da ma'auni mai tsauri, sai ga su nan guda biyu manya, dama da hagu, daidai inda littafin anatomi ya ce. Wannan karon ban kai fada ba.

Tun daga nan na daina yarda da hoto mai launi sai na tambayi yadda anka yi shi. Launin nan ba injin ya ɗauko shi ba, mu ne muke shafa shi kan inda lissafi ya ce bambancin ya wuce sa'a, kuma bambanci ne tsakanin hali biyu, saurare da shiru, motsi da hutu. Inda bai haska ba ba barci yake ba. Su kansu manyan abin na cin su: a 2016 Anders Eklund da abokanshi sunka nuna cewa wata hanyar lissafi da ake yawan bi tana ba da sakamakon ƙarya fiye da yadda ake zato, a 2020 kuma anka ba ƙungiya 70 hotuna iri ɗaya, ba biyu da sunka bi hanya ɗaya sak, amsoshinsu ma sunka sha bamban a tambayoyi da dama. Ni wannan bai sa na raina fannin ba, sai dai duk wanda ya turo mini wani labari a WhatsApp wai an gano gurbin soyayya ko gurbin ƙarya a ƙwaƙwalwa, tambayata ta farko mutum nawa anka auna.

Bayan shekara ɗaya da rabi ina wannan fama, ina sauke wasu hotunan daga OpenNeuro, wani rumbun hotunan ƙwaƙwalwa a intanet, ina koyon Python, harshen rubuta manhaja, kaɗan-kaɗan, Malam ya taimaka na samu sitaj na wata uku a wata cibiyar bincike a Turai. Ranar farko ba su bar ni na taɓa komi ba, darasin tsaro ne yini guda. Maganaɗisun ba a kashe shi, dare da rana, ko an ɗauke kuran yana nan, don wayoyinshi na cikin ruwan heliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri. Matar da ke kula da injin ta sa na zazzage aljihu, na ajiye salula da makulli da bel na ce na gama, ta bi ni da abin bincike sai ya yi ƙara a ƙaramin aljihun wando. Dala ashirin ce, tun canjin taksi na Yamai take maƙale a nan. Ta ɗaga ta ta ce wannan a bakin injin harsashi ce. Ina tsaye ina tunanin mutanenmu, mai laya da ba a san mi ke cikinta ba, mata da kwalli da fil na kallabi, masu walda na kasuwar Katako da ƙila ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonsu sun manta. Takardar tambayoyin tsaronsu ba ta san da laya ba.

Mako na uku na shiga da kaina a matsayin ɗan gwaji. An toshe mini kunne, an sa wani keji a kaina da ɗan madubi a sama don in ga allo, an cusa soso gefe da gefe, an ba ni wata ƴar roba in matsa in na tsorata. Ramin ƙunci gare shi, hancinka kusa da rufi, ni dai na yi ta salati a zuci. Ƙarar kuwa ta wuce desibel 100, kamar an sa kanka cikin injin niƙa ana kuma buga ƙarfe a gefe. Aikin shi ne in allo ya nuna alama in riƙa taɓa yatsun hannun dama da babban yatsa, in ta ɓace in tsaya. Bayan nan anka ce in kwanta kawai kar in yi tunanin komi na musamman kar kuma in yi barci, wannan shi ne gwajin hutu da Bharat Biswal ya buɗe ƙofarshi a 1995. Na yi barci. Sun gane kuma, don layin motsin kaina ya nuna daidai inda na zabura.

Da yamma na zamna da hotunan kaina na bi matakan nan da na haddace a Harobanda, kwamfutarsu ta gama cikin mintoci abin da tawa ke kwana tana yi. Sai ga shi, ɗigo a gefen hagu can sama inda ke tuƙa hannun dama, da wani ƙarami a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya a gefen dama, yadda anka koya muna hanyoyin na tsallakawa. Na kuma ga wani abu da hotunan koyo ba su nuna mini sosai ba, saman hanci da kusa da kunnuwa hoton ya cinye kamar ɓera ya gutsura, iskar da ke cikin ramukan ƙashi ce ke ɓata filin a nan. Na daɗe ina kallo. Na kira Inna a daren na ce Inna yau na ga cikin kaina. Ta ce to Alhamdu lillahi, an iske hankali a ciki? Sa'an nan ta yi shiru ta ce, shi wannan injin zai ga abin da ke kada ƙanenka?

Na gaya mata gaskiya, a'a, ba wannan ba ne aikinshi. Farfaɗiya da labarin mai ita ake gane ta, da awon wutar ƙwaƙwalwa na EEG, da IRM na siffa, kuma shi maganin da yake sha kullum ya riƙe shi, ya daɗe bai faɗi ba. Inda wanga ke shigowa shi ne in magani ya gaza ko akwai ƙari za a yi tiyata, likita na son ya san wane gefe magana take kafin ya yanka. Masu amfani da hannun dama fiye da 9 cikin 10 a hagu take, amma ba a yanka kan mutum da yawanci. Ana sa shi cikin inji a ba shi suna ya nemo aikatau a zuci, a ce wuƙa ya yi tunanin yanka, ba tare da ya motsa baki ba.

Nan na ga inda ni zan iya sa hannu. Gwaje-gwajen maganar da na gani a can da Faransanci ne ko Turanci, kuma da yawa a rubuce kan allo. Kawo tsohuwa daga ƙauyen Tawa ka nuna mata rubutun Faransanci ka ce ta yi tunani, abin da za ka auna ruɗewa ce. Dole a kunne za a sa mata, da harshenta, cikin wannan ƙarar. Tun da na dawo nake haɗa jerin kalmomin Hausa don haka, kuma ya fi yadda na zata wuya. Kuka na ido da kuka ta miya sautin murya ne kawai ya raba su, gari na zama da gari na tuwo kuma jan wasali ne, cikin ƙarar inji duk za su iya narkewa su zama ɗaya, sai na cire irinsu gaba ɗaya. Sai bambancin baki, kalmar da ɗan Tawa ya sani ɗan Damagaram ya ce bai taɓa ji ba, ga Zabarmanci yana jira, wata abokiyar karatuna ta ɗauki wannan. Kalma 60 nake nema masu gaɓa biyu, na tsaya a 41. Muna naɗar muryar da dare bayan ƙarfe biyu in gurup ɗin maƙwabta, injin wutarsu, ya yi shiru, wani abokina mai murya irin ta ƴan rediyo ke faɗa, cikin ɗaki mun rufe taga da bargo muna zufa. Jiya mun kai kalma ta 30 lafiya lau sai akuyar mai gida ta sa baki, yau za mu sake daga ta 28.